A Buɗe Kyamarar Mu Gani

Sanda ta sauka a bakin Titus, haƙorinsa ya fita. Mutanen Tumfure sun zagaye shi a bakin tafki, ga gawar wani makiyayi cikin jini, suna zargin shi ya kashe shi.

"Na rantse, hoton agwagin daji nake ɗauka!" in ji Titus. "Tun safe nake jiran haske ya zauna kan ruwa. Suna tashi na danna, daidai lokacin da aka sare makiyayin. Ban gane fuskar wanda ya sare shi ba, amma yana cikin hoton. A wanke fim ɗin!"

Alhaji Jalo, mai gonar gefen tafkin, ya ɗaga hannu. "Kada a zalunci yaro. Mu duba."

Ya ɓalle bayan kyamarar da Titus ya saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ya zaro fim ɗin, ya ɗaga shi cikin rana. "Jama'a, ko agwagwa ɗaya kun gani?"

Sanduna suka sake tashi. Titus bai kare kansa ba, Jalo kawai yake kallo. A shagon hoton Jalo na unguwar Jekadafari ya koyi aiki. Marin farko da ya sha a hannunsa, don ya buɗe kyamara a rana ne, haske ya cinye hotunan.