Zaɓi Mai Lamba 214

Barira ko mayafi ba ta ajiye ba ta kunna kwamfuta, don yau ce ranar shara. A maƙerar manhaja ta Funtuwa ake ƙera wa duk ƙananan na'urorin jihar manhajarsu, daga famfon rijiya har injin markaɗe. Ita ke kula da zaɓuɓɓukan laburaren C, tubalin manhajar da kowace na'ura take zaune a kai. Kowane zaɓi da lambarsa, da irin na'urar da ta dogara da shi. Sabuwar doka ta ce duk zaɓin da ba a zo an tsaya masa ba, a goge shi.

"Ɗari biyu da tara na share!" ta ce wa Tanimu, abokin aikinta. "Aikin da ke cin awa tara, yau kafin shayinka ya huce an gama!"

Ana haka wani tsoho ya jingine kekensa, ya shigo da takarda.

"'Yata, an ce in zo in tsaya wa wannan lambar."

Ta duba, 214 ce, ita ce ta gaba a layin gogewa.

"Baba, ka zo a kan gaɓa! Wane inji ne?"

Ya dafa ƙirjinsa. "Yana nan ciki. Shekara sha tara yana buga mini zuciya."

Ta sa alamar a bar masa, tana ta murna. Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Mu takwas aka sa wa, kowa da irin nasa da lambarsa. Ni kaɗai nake da jikar da ke karanta sanarwa."

Barira ta juya ga kwamfutar. Aikin gogewar ya riga ya kammala, har an tura wa na'urorin sabuwar manhajar.