Bangon da Ta Yaɓe

"Ku tashi daga bangona!" Tsohon malamin ya daka tsawa, dawowarsa ke nan daga coci.

'Yan agajin cocin Mennonite, masu ciyar da yaran garin Zonkwa da gyaran gidaje, suka daskare da cokalin gini a hannu.

"Baba, kyauta ne fa," in ji shugabarsu. "Ɗakin nan ba zai kai ƙarshen damina ba."

"Gobara ma kyauta take zuwa, yarinya. Wa ya tambaye ni?"

Siminti ya riga ya cinye rabin bangon. Ya tsuguna gaban ragowar jar ƙasar, wadda marigayiya matarsa ta yaɓe da hannu, ya jera yatsunsa cikin shatin yatsunta.

Haka suke gaisawa kowace safiya.