Ruwan Madarar Kumatu

A tsaye take shan shayi, jakar aiki a kafaɗa, tana kallon maigidan yana juye ruwa daga butar lantarki zuwa filas. Ya tallabo cikin butar da tafin hannunsa don kada ɗigo ya zuba, ya murɗe murfin filas ɗin tamau, ya cusa shi a jakar jariri kusa da gwangwanin madara. Ita kuwa sai daɗi ya cika ta. A ofishinsu na zanen gine-gine babu wadda ba ta gaji da jin labarin wannan miji ba.

Tun da hutun haihuwarta ya ƙare suka raba aikin. Ita ce mai wanke kwalabe da dafa su. Shi kuma ya ɗauki tafasa ruwan safe, har ya ware butar, ya ce ta Kumatu ce, kada kowa ya taɓa. Kumatu shi ne ɗansu na fari, kuma duk wanda ya ga fuskarsa ya san inda laƙabin ya fito. Idan tana gida nono yake sha. Madarar gwangwani ta rana ce kawai, a wurin Iya mai raino da ke ƙarshen layinsu.

Ta koya wa Iya komai, har tsohuwar ta fara ƙosawa. A wanke hannu, a fara zuba ruwa tun da zafinsa kafin gari, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A huce kwalbar, a ɗiga a bayan hannu. Abin da yaro ya rage a zubar, ko da rabin kwalba ne. Sai babbar doka, wadda ta maimaita har da ɗaga yatsa: ban da ruwan filas ɗin nan, kada wani ruwa ya shiga cikin ɗanta.

Duk da haka zawo ya kama Kumatu. Aka yi magani ya lafa, ya sake dawowa. Kumatun nan da ake tsokana suka zube, idanu suka faɗa, kukansa ma ya zama na wanda ba shi da ƙarfin yi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli, ta dubi uwar ta saman tabarau, ta ce ko dai ruwa ne, ko kwalba, ko ana ba shi ragowa.

Maigidan bai taɓa ɗaga murya ba. Shi ne mai goya yaron a layin asibiti, shi ne mai lallashinta idan ta fashe da kuka. Iyakarsa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni dai ban hana ki aiki ba, kin sani. Kawai yaron ne yake ba ni tausayi."

Wannan magana ta fi zagi cin rai. Da zafinta ta tafi gidan Iya ranar da aka sallamo su daga asibiti karo na biyu, ta tsaya a tsakar gida ta zazzage mata tas a gaban iyayen sauran yaran. Iya ta rantse ba ta taɓa ajiye ragowa ba. Ta ce, "'Yar nan, ruwan naku ne yake zuwa min a sanyaye. Na faɗa wa babansa da ya zo ɗaukarsa, ya ce zai gaya miki."

Ta kira shi a take, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya yi 'yar dariyar takaici, ya ce bai taɓa jin wannan zance ba, kuma filas sabo fil ta yaya zai huce kafin hantsi? Ta dubi tsohuwar ta ce mata maƙaryaciya. Kafin mako ya zagayo wasu iyayen ma sun kwashe 'ya'yansu.

Wa kuma za ta amince wa bayan wannan? Ta ajiye aikin da ta sha wuya kafin ta samu. Ta kwashe fensiranta a kwali, abokan aiki suna ba ta baki, tana murmushi zuciyarta na ƙuna. Maigidan ya tarbe ta a ƙofa, ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Washegari ya fita da wuri. Damuwa ta sa nononta ya ja baya, Kumatu yana ta tsala kuka, sai ta ce bari ta haɗa masa madara. Ta cika butar, ta jona, ta danna. Shiru. Ta canza soket, ta sake dannawa, ko ɗumi ba ta yi ba. Ta tafasa ruwa a tukunya ta ba yaron, sannan ta goya shi, ta sauka wurin mai gyaran kayan wuta da ke ƙofar gidansu, wanda kullum suke gaisawa idan za ta fita.

Mutumin ya juya butar, ya leƙa ƙasanta, ya yi dariya.

"Hajiya, ai na san butar nan. Tun satin da kika koma aiki maigida ya kawo min ita a ƙone. Na ce a gyara, ya ce babu sauri, zai dawo da ita ranar da kika zauna a gida."