Ɗigo a Kwandon Shara

"Samari, fim ɗinka ya ƙone," in ji mai wankin hoto. "Baƙi ƙirin ya fito, na jefa shi a shara."

Kwana huɗu na yi a hamadar Arizona ina ɗaukar hoton sama, har sanyi ya tsattsaga mini yatsu. Na tsallake kantar shagon, na zazzage kwandon a gabansa.

"Kai, haukacewa ka yi?"

Na ɗaga fim ɗin saitin taga. Ga wani farin ɗigo, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Datti ne," ya ce.

"Taurari ne, dattijo, sun fi biliyan ɗari. Haskensu ya yi tafiyar shekara miliyan biyu kafin ya same ni, ba a kwandonka zai ƙare ba. Wanke mini shi, ka fitar da hoton babba."