Robar Ƙafar Hagu

Bakaniken ya kwanta a ƙarƙashin motar ya haska da wayarsa. Robar da ke rufe sandar shokozoba mai hana mota tsalle don kada ƙura ta shiga ta sake tsagewa, a ƙafar gaba ta hagu, daidai inda ta tsage wancan karon. Tsaga ce miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa.

Motar Dogo ce, amininsa tun suna yawo ba wando. Bakaniken ne ya ɗaura masa shokozobar da hannunsa, ba ta kamfani ba, irin ta kasuwar nan mai kwali mai ƙyalli. Ana gobe Dogo zai yi tafiya ya kawo motar ya nuna masa robar ta yage.

"Roba ce fa kawai," in ji bakaniken, hannunsa na cikin wani injin. "Je ka dawo."

Ashe yashi ya daɗe da shiga, man ciki ya tsiyaye. A wata kwana motar ta yi tsalle ta ƙwace. Mota ta gyaru, Dogo kuwa gawarsa aka kawo.

Tun daga jana'iza bakaniken ya ɗauke ƙafa daga gidan, shi da a da ko sallama ba ya gamawa ya faɗa kicin. Ina zai kai idonsa in ya haɗu da Inna, mahaifiyar Dogo? Babu wanda ya san maganar robar sai shi da mamacin, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar tsohuwar ta sani.

Sai ga wayar Inna, wai ya zo ya duba motar, waɗanda suka gyara ta sun nuna mata wata roba da ta yage. Ya je ya canza. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ƙafafunsa tana ta zuba masa labari, shi kuwa ko kalma ɗaya bai ji ba.

Ba a jima ba ta sake kira. Ya sa ta kamfani, ta yage. Ya ninka biyu ya ɗaure da waya, ta yage. Ya zuba maganin ɓera, alhali ya san ɓera ba ya cizo a miƙe. Motar kuma tana nan a rumfa ba mai tuƙa ta, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin bututun hayaƙinta.

Ya rame, sifana ta riƙa suɓuce masa a wajen aiki. Ko tayar wa ya kwance, sai ya ji kamar Dogo na tsaye a bayansa yana nuna masa roba. Ya gama yarda cewa amininsa bai yafe ba, kuma ba zai bar shi ba sai ya faɗa wa Inna gaskiya da bakinsa.

Wata safiya ya tafi ba tare da an kira shi ba. Ƙofa a buɗe take, tsakar gida shiru. Daga rumfa ya jiyo nishi sama-sama, da ƙarar roba tana tsagewa a hankali. Ya dafa motar ya zagaya ɓangaren hagu.

Inna ce durƙushe a gindin taya, hannunta ɗaya a ciki har kafaɗa. Ta zaro shi riƙe da reza, ta ɗago ta dube shi, idonta ya ciko. "Yau ka riga ni, ɗan nan," ta ce. "To in ba haka na yi ba zuwa kake? Na rasa ɗaya, kai kuma kana so ka sa in rasa biyu."