Tawadar da Ta Ƙi Fita

Shekara goma sha biyu ke nan da na'ura ta fara naɗa shugabanni, zaɓe ya zama laifi. A Sashen Kimiyyar Siyasa, Dakta Tabawa ta kawo wa ɗalibanta tsohuwar tawadar zaɓe, su ga yadda iyayensu suka yi. Kowa ya dangwala yatsa yana dariya.

Bayan darasi, ɗalibinta Sagir ya dawo daga famfo.

"Malama, har sabulu na sa, ta ƙi fita."

Sai lokacin ta tuna cewa da gangan aka yi tawadar haka, ba ta fita sai ta kwana bakwai.

Ta leƙa taga. Masu gadin ƙofa na duba hannun duk mai fita don neman alamar zaɓe, kamar kullum. Ɗalibanta talatin sun riga sun shiga layi.