Kwalbatin Bakin Tsamiya

Ƙarfen jak ya sauka a kan bencin garejin, sifanu suka watse cikin baƙin mai. Baba Armaya'u, mai shekara talatin yana gyaran mota a Safana, bai gama miƙewa ba Mannir ya shaƙe masa wuyan riga, ya haɗa bayansa da ƙofar motar. Leɓen tsohon ya fashe. Ranar Mannir bai ce masa Baba ba, shi da ko wucewa zai yi ta ƙofar garejin sai ya durƙusa.

Karo na huɗu ke nan da ya dawo da ita.

Ƙatuwar fikof ce mai dogon baki, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Buhu ashirin na gero take ɗauka daga Karare, ko nishi ba ta yi. Ciwonta ɗaya ne. In maleji ya wuce casa'in, tayar gaba ta daki wani tudu, sai sitiyari ya haukace, ya riƙa fizga hagu da dama kamar ragon da aka yanka aka sake masa ƙafafu. Gilas ya kama kaɗawa, haƙoran direba su haɗu. Ba ta dainawa sai an rage gudu har ta kusa tsayawa.

Da kakar bara ta yi shi a kwalbatin bakin tsamiya, tsakanin Batsari da Safana. Yazid, ƙanen Mannir, angon wata biyu, yana zaune bisa buhuna a baya yana ɓare gyaɗa. Mannir ya gan shi a madubi yana dariya. Da ya sake dubawa, buhuna kawai ya gani. Motar ba ta kife ba, ko fitila ba ta fashe ba. Kan Yazid ne ya sami simintin kwalbatin.

Bayan sadakar arba'in ya kai ta gareji. Kwana uku Baba Armaya'u ya yi a ƙarƙashinta. Ya tarar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba ya yi sako-sako, bushin ya cinye, tayarod na wasa. Ya canza duka, ya sa sababbin tayoyi, ya ce ta warke.

Sati bai cika ba ta sake, a kwalbatin. Aka canza shokozoba, ta sake, a kwalbatin. Tsohon ya ja ta da kansa har Dutsin-Ma ya dawo, ya ce bai ji komai ba, ga tayoyi ma suna cinyewa daidai. Mannir ya ce ai ba ta nan ciwon yake ba. A karo na uku Tayyib mai albasa na zaune a gaba tare da Mannir. Nan bakin hanya ya sauka ya tari babur. Mannir ya roƙe shi ya zo gareji ya ba da shaida, Tayyib ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce Allah ya ƙara masa haƙuri.

Mannir ya rame. Ya daina shan shayi a teburin tasha, wai mai shayin ya cika cika kofi, zuba yake yi. Abu ɗaya ke cinsa: motar da ta ci Yazid tana nan da ranta, kuma wannan tsohon yana rantsuwa ta warke.

"Kai za ka ja ta," in ji shi, bakin ƙarfen na ƙarƙashin haɓar tsohon. "Ka kai ta ɗari, ka hau kwalbatin nan. In ta warke mu gani. In ba ta warke ba, a kwashe mu tare."

Mahautan da ke gefe sun taso da sanduna. Baba Armaya'u ya ɗaga musu hannu, ya tofar da jini.

"To, ɗan Hansai," ya kira shi da sunan uwarsa. "Ba ni makullin."

Hantsi ne, gonaki duk an girbe, kara a tsaye jingim-jingim. Maleji ya hau saba'in. Tsohon ya ɗan sassauta ƙafa a wata kwana, Mannir ya soka masa ƙarfen a haƙarƙari. Tamanin. Casa'in. Tsamiyar ta ɓullo daga nesa, ƙarama, sai ga ta tana girma, inuwarta kwance a kan kwalta kamar an shimfiɗa wa wani tabarma.

Ɗari. Tayoyin gaba suka daki kwalbatin.

Ta zo. Ta faro daga wuyan hannu, ta haye gwiwar hannu, ta kama kafaɗu tana girgiza su kamar za ta cire. Ƙarfen jak ya suɓuce ya faɗi yana ƙara. Kan Mannir ya bugi gilashin gefe, ya sake buga, gilashin ya tsage. Ya ciji harshe, jini ya cika masa baki. Hanya ta rabu biyu a idonsa, sama ta kife, a madubi ya ga ɓawon gyaɗa na tashi cikin iska.

"Ka ji ta?" Muryarsa na kakkaryewa. "Ka ji ta, Baba? Yanzu ma ka ce ta warke. Taka birki, yana baya, taka birki!"

Baba Armaya'u bai taka ba. Ya dai waiwayo, hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa.

Motar na tafe sumul a kan ɗari, sitiyarin tsaye cak tsakanin yatsun tsohon guda biyu. A kujerar gefe, hannuwan Mannir ne miƙe cikin iska, damƙe da sitiyarin da babu shi, suna fizga hagu da dama.